Ado da Amana: Haƙƙin Harafi a Kan Mai Zana Shi

Gabatarwa

Akwai abubuwan da yawan cuɗanya da su kan sa ido ya daina ganinsu, kuma harafi yana sahun gaba a cikinsu. Mukan wuni muna karatu, mu kwana muna rubutu, amma da wuya a sami wanda zai tsaya ya tambayi kansa ko wane ne ya yanka wa harafin "k" tsayinsa, ko wane ne ya ɗora wa "ɗ" 'yar ƙugiyar da ke bisa kansa. Mun ɗauki harafi tamkar ƙwaryar fura, da zarar an shanye abin da ke ciki sai a kife ta a wuce. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗaga ƙwaryar nan ta dube ta da kyau, sannan ta yi wata tambaya da ta shafi ɗa'a: shin surar harafi lamari ne na ado kurum, wanda kowa ke da ikon sarrafawa yadda ransa ya so, ko kuwa akwai amana a tattare da ita, wadda za a iya riƙewa, a kuma iya ci?

Garin Minna ya dace da wannan tambaya. Gari ne da jirgin ƙasa ya raya, ya kuma zama babban birnin Jihar Neja a 1976, inda Gbagyi da Nupawa da Hausawa da Yarbawa da Ibo suka zauna wuri guda, Hausa ta zama harshen kasuwa da na titi. Daga Chanchaga zuwa Bosso, daga Tunga zuwa Kpakungu, allunan shaguna da jikin motoci da bayan keke mai ƙafa uku cike suke da rubutu, wani da hannu aka zana shi, wani kuwa na'ura ce ta tofo shi. Matsayinmu a nan shi ne, surar harafi amana ce, kuma babu hanyar da ta fi saurin fahimtar da mutum nauyin wannan amana kamar ya zauna ya ƙirƙiri haruffa da hannunsa.

Darasin makarantar allo

Kakanninmu ba su raba koyon karatu da koyon zana harafi ba. Yaron da aka kai makarantar allo yakan fara da babbaƙu, ya wuce zuwa farfaru, kuma kafin ya yi nisa sai an damƙa masa alƙalami da tawada ya rubuta allonsa da kansa. Shi zai feƙe alƙalamin, shi zai dama tawadar da ƙaro, shi zai wanke allon ya shanya. Idan ya yi fiƙa mai faɗi, rubutu ya yi kauri. Idan tawada ta yi ruwa, ta malale ta ɓata masa aiki. Ta haka hannu ke koya wa ido abin da baki ba zai iya bayyanawa ba.

Sunayen da Bahaushe ya laƙaba wa haruffan ajami shaida ne a kan irin kallon ƙurillar da ya yi musu. Akwai "ɗa mai hannu", akwai "shin mai ruwa", akwai "mim jaye", akwai "ha kuri", akwai "ba guje". Mafi yawan sunayen nan siffa suke bayyanawa, wato yadda harafin ya tsaya, ko ya kwanta, ko ya miƙa hannu. Wanda ya raɗa wa abu suna daga kamanninsa, lalle ya daɗe yana dubansa.

Daga wannan horo ne aka sami salon da ake kira rubutun Kano, mai kauri da nauyi, wanda yake da dangantaka ta kusa da salon Barno, dukkansu kuma suna bin tsarin ɗigo irin na Magariba, inda "fa" ke ɗaukar ɗigo ɗaya a ƙasa, "ƙaf" kuma ɗigo ɗaya a sama. Da injin ɗab'i mai ɗaukar hoton shafi ya samu a ƙarni na 20, marubutan Kano irin su marigayi Sharif Bala Gabari sai suka riƙa rubuta littafi da hannu, a ɗauki hotonsa a buga dubbai. Da an tambayi waɗannan bayin Allah abin da ya sa suke ɓata watanni a kan aiki ɗaya, amsar a fili take: ɗigo guda idan ya kauce, ma'ana ta kauce, alhaki kuma yana wuyan mai alƙalami. A wurinsu kyawun rubutu da ingancinsa tagwaye ne.

Haka abin yake a wasu sassan duniya. Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a shekarar 940, ya shahara ne saboda ya sanya wa haruffan Larabci ma'auni, ya auna tsayin alif da adadin ɗigon bakin alƙalami, sauran haruffa kuma aka auna su da alif. Shi ma Gutenberg, da ya zuba haruffan dalma a birnin Mainz na Jamus wajajen 1450, rubutun hannun magabatansa ya kwaikwaya. Ke nan, duk harafin da muke gani a littafi, komai tsantsar na'urar da ta buga shi, hannun wani ɗan'adam ne asalinsa.

Labarin ƙugiya

Rubutun boko bai zo mana ta wannan hanya ba. A shirye ya iso, an riga an zuba shi a dalma a ƙasashen da harsunansu ba su san sautin "ɓ" da "ɗ" da "ƙ" ba. Turawan farko da suka rubuta Hausa sun yi ta laluben yadda za su yi da waɗannan sautuka. Wasu ba su bambance su ba sam, wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu kuma 'yar alama a gefensa. Abin lura a nan shi ne, malaman ajami sun daɗe da raba "k" da "ƙ", sun kuma raba "d" da "ɗ", kowanne da harafinsa. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, amma sai a shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya suka zauna da gindinsu, a zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya. A wannan gida ne Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara ta Jihar Neja ta yau a 1911, ya yi aikin Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Ashe ke nan wannan jiha tana da rabonta a tarihin daidaita rubutun Hausa.

Ƙugiyar nan ƙarama ce a ido, amma kayan da take ɗauke da su masu nauyi ne. Ita ce ta raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, kaya da ƙaya, kura da ƙura, daka da ɗaka, bari da ɓari. Wanda ya rubuta "an yi mana baki" alhali baƙi ne suka sauka a gidansa, ya mai da alheri ya koma tsinuwa. Wanda ya rubuta "karya" yana nufin "ƙarya", ya bar mai karatu tsakanin zance marar tushe da macen kare.

Shekaru masu yawa muna da uzuri. Keken rubutu na ofis ba shi da waɗannan haruffa, sai dai magatakarda ya gama bugawa ya bi da biro yana lanƙwasa kawunansu ɗaya bayan ɗaya. Littattafai da yawa na adabin kasuwar Kano a shekarun 1980 da 1990 sun fito babu ƙugiya ko ɗaya, domin marubutan da abin da suka samu suka yi aiki. An yi ƙoƙarin magance matsalar a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki nauyin samar da zubin haruffa 33 da zai wadatar da harsunan Nijeriya, aikin da Edward Oguejiofor da Victor Manfredi suka yi tare da taimakon shahararren mai zana haruffa na Jamus, Hermann Zapf. Daga bisani tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa a kwamfuta, ya shigar da haruffanmu tun farkon shekarun 1990. A yau wayar hannu ma tana karɓar madannan Hausa. Uzuri ya ƙare, saura hali.

Mai ja da mu zai ce, ai Bahaushe yana gane abin da ake nufi daga zubin jimla, kuma ko a daidaitacciyar Hausa ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti, duk da haka ana karatu lafiya. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai kuma hujjar tasa a kansa take komawa. Tun da mun riga mun bar wa mai karatu aikin cankar tsawon wasali da karin sauti, ai bai kamata mu ƙara masa kaya na uku ba. Jaki ma idan an yi masa lodi biyu, ba a cewa tun da ya jure bari a ƙara. Sannan wane ne ke biyan kuɗin wannan sakaci? Ba malamin jami'a ba ne, domin shi ya riga ya san kalmar. Yaro ɗan aji biyu ne, da Bagwari ko Banufen da ya koyi Hausa a kasuwar Minna yake son ya karanta ta a takarda, da baƙon da ke koyonta daga littafi. Sakacin mai ƙarfi kullum a kan marar ƙarfi yake sauka, wannan kuwa shi ne ainihin abin da ilmin ɗa'a ke ƙyama.

Wa zai zana mana?

Samun ƙugiya a na'ura bai kashe magana ba. Kowa ya taɓa ganin shafin da aka buga da wani kyakkyawan zubin haruffa, amma da an iso kan "ƙ" sai a ga ta fi 'yan'uwanta siranta ko tsayi, ta yi tsuru a tsakiyar kalma kamar agola a gidan gado. Dalili shi ne, wanda ya zana wancan zubi bai sa haruffanmu a lissafinsa ba, sai kwamfuta ta aro su daga wani zubi dabam ta cusa. A irin wannan shafi, harafin da ya fi kowanne zama namu shi ne ke bayyana a matsayin baƙo.

Ko a inda aka zana su, akwai tambayoyin da sai mai harshen ne zai fi jin nauyinsu. Ina ƙugiyar "ɗ" za ta lanƙwasa har ta fito sarai ba tare da ta taɓa harafin da ke biye ba? Yaya za a yi da kalma irin "ƙanƙara" ko "ɗanɗano" ko "ɓarɓashi", inda ƙugiyoyi ke bin juna? Yaya babban "Ɗ" zai bambanta da "D" a allon da ake hanga daga nesa? Yaya za a yi da sautin da mu a Nijeriya muke rubutawa "'y", 'yan'uwanmu na Nijar kuma suke rubutawa "ƴ"? Wanda bai taɓa ganin ɗalibi ya yi tuntuɓe a kan waɗannan ba, zai zana su ne bisa ƙiyasi.

A ɓangaren ajami, ƙungiyar SIL ta fitar da wani zubin haruffa mai suna Alkalami a 2017, wanda aka gina a kan salon rubutun Kano, aka kuma sake shi kyauta ga duk mai so. A 2016 Unicode ya riga ya karɓi "fa" da "ƙaf" da "nun" irin na Afirka. Wannan aiki ya cancanci yabo, kuma ba mu da hurumin jin haushin wanda ya ga lu'ulu'u a ƙofar gidanmu ya ɗauka ya wanke. Tambayar da ta dace mu yi wa kanmu ita ce, me ya hana jikokin masu wannan rubutu su riga kowa? A ƙasar Gini, wasu yara biyu 'yan gida ɗaya, Ibrahima da Abdoulaye Barry, sun ƙirƙiro wa Fulfulde rubutun Adlam a ƙarshen shekarun 1980, yau ga shi a kwamfutoci da wayoyi. Ba su da maɗaba'a, ba su da digiri a lokacin. Abin da suke da shi takarda ce da alƙalami da damuwa da halin da mutanensu ke ciki wajen karanta wasiƙa.

Iyakar ado

Idan muka yarda cewa ya kamata mu zana haruffanmu, sai wata tambaya ta taso: ina iyakar 'yancin mai zane? Masu zanen alluna da masu fentin manyan motoci sun daɗe da nuna mana cewa harafi yana iya yin murya. Sukan kumbura shi ya yi ƙasaita, su karkata shi ya yi kamar yana gudu, su ba shi inuwa, su yi masa jela. Allon mai shayi da aka zana da hannu yakan faɗi wani abu game da mai shagon tun kafin a karanta sunansa. Wannan fasaha ce ta gaske, kuma abin takaici ne yadda bugun leda na na'ura ke ture ta, har allunan gari suka fara zama kamar 'ya'yan uwa ɗaya.

Wasu za su ce fasaha ba ta da shinge, mai zane ya bi zuciyarsa kawai. Da hoton tsuntsu yake zanawa, da ba mu ja da shi ba. Amma harafi ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Yarjejeniya ce tsakanin miliyoyin mutane, rayayyu da matattu, cewa wannan sura tana nufin wannan sauti. Mai zane aronta ya yi, kuma kayan aro ba a yi musu yankan da mai su ba zai gane su ba. Saboda haka ma'aunin da muke gani ya dace shi ne a dubi halin mai karatu. A bangon littafin waƙoƙi, ko allon shago, ko katin biki, mai karatu yana da sukuni, harafi na iya taka rawa son ransa. A takardar magani, ko alamar hanya, ko littafin 'yan firamare, mai karatu yana cikin buƙata ko gaggawa ko rauni, don haka wajibin harafi ne ya natsu ya yi aikinsa. Wanda ya yi wa adadin ƙwayar magani ado har "1" ta yi kama da "7", ya sayi yabon gwaninta da lafiyar wani.

Allon zayyana da ake yi wa mai saukar karatu ya riga ya koya mana wannan daidaito. Mai zayyana yakan cika allon da launuka da zane-zane masu ɗaukar ido, amma idan ya zo kan nassin da ke tsakiya sai ya rubuta shi sarai yadda kowa zai karanta. Ado ya san wurinsa, nassi ya san nasa. Gishiri ne, idan babu shi miya ta yi lami, idan ya yi yawa a zubar da ita.

Har ila yau, sura tana iya yin ƙarya ko da kalmomin ba su yi ba. Mai jabun kaya yakan kwaikwayi zubin haruffan kamfanin ƙwarai domin ido ya amince kafin hankali ya bincika. Sura kuma tana iya gaya wa mutum cewa an san da zamansa, ko an manta da shi. Lokacin da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, aka kuma fitar da sabuwar naira 100 babu shi a 2014, muhawarar da ta biyo baya ta yi zafi ƙwarai, alhali ƙimar kuɗin ba ta canja ba. Masu goyon bayan cirewar suna ganin rubutun ya jingina da addini ɗaya a ƙasa mai addinai da yawa. Masu adawa kuwa suna cewa Hausa ce aka rubuta, kuma akwai dimbin jama'ar da da wannan rubutu kaɗai suke karatu. Ko wane ɓangare mutum ya bi, ya dai yarda cewa surar harafi ta wuce ado. Wani abin sha'awa shi ne, takardar naira 20 ta 2007 tana ɗauke da hoton Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da ta yi aiki a garin da ake kira Suleja a yau. Ƙasa ta karrama hannun da ya zana ƙadangare a jikin tulu. Hannun da ke zana harafi ma ya cancanci a tuna da shi.

Abin da ya rage gare mu

Ɗalibin Hausa yakan karanci ilmin furuci da ginin kalma da ginin jimla, ya kammala digiri bai taɓa zana harafi guda da niyyar nazari ba. Muna ganin wannan giɓi ne da za a iya cikewa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A ba ɗalibi takarda da alƙalami mai faɗin baki, a ce ya zana "n" da "o", domin daga waɗannan biyu ake samo kauri da tsayi da lanƙwasar mafi yawan sauran haruffa. Daga nan ya wuce zuwa "b" da "d" da "k", sannan ya ɗora musu ƙugiya. Ya jera su cikin kalmomi, ya manna a bango, ya ja da baya taku goma ya duba. A nan zai gano cewa farin da ke tsakanin haruffa yana da muhimmanci kamar baƙin tawadar, kuma harafin da ya yi kyau shi kaɗai yana iya ɓata kalma idan bai san zama da maƙwabta ba. A ƙarshe ya miƙa wa ƙaninsa ko wata dattijuwa mai raunin gani su karanta. Hukuncinsu shi ne sakamakon jarrabawarsa.

Wanda ya kai wannan mataki, akwai manhajoji na kyauta irin su FontForge da za su mai da zanensa zubin haruffan kwamfuta. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a nan Minna, wadda aka kafa a 1983, cike da matasa masana kwamfuta. Ga alarammomi a tsangayu, ga masu zanen alluna a bakin kasuwa. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai tara su a inuwa ɗaya, kuma babu wanda ya fi masu nazarin harshen cancantar yin wannan kira.

Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa surar harafi amana ce ta fuska uku. Akwai haƙƙin harshe, wanda ke buƙatar a ba kowane sautinsa cikakkiyar sura. Akwai haƙƙin mai karatu, musamman mai rauni, wanda bai kamata a ɗora masa wahalar da marubuci ya guje wa ba. Akwai kuma haƙƙin magabata, waɗanda suka bar mana salon rubutu da ya isa a yi alfahari da shi, a kuma ɗora a kansa. Ado halal ne ga mai zane muddin bai taka ɗaya daga cikin ukun nan ba. Wanda ya taɓa ɓata yini guda yana gyara lanƙwasar ƙugiya ɗaya domin wani da bai sani ba ya karanta cikin sauƙi, ya koyi haƙuri, ya koyi tawali'u, ya kuma koyi yi wa jama'a hidimar da ba a sa hannu a ƙarƙashinta. Da wuya irin wannan ɗalibi ya sake rubuta "kasa" alhali ƙasarsa yake nufi.